Yadda Kafen Gwangwani Ya Hau Teburin Mai Shayi a Gazawa

Duk wanda ya taɓa bin hanya mai lamba ɗaya daga Maraɗi zuwa Damagaram da sassafe ya san teburin. Yana nan a Cadawa, yana nan a Agye, yana nan a Gazawa kafin a miƙe zuwa Tasawa. In kuma yamma aka nufa, yana jiran matafiyi a Gidan Runji. Tebur ne dogo da benci, burodi jere a gefe guda, gwangwanayen madara an gina su kamar ganuwa, ga babbar buta tana tafasa tun kafin a fito sallar asuba. Direba zai sauko yana miƙa, ya ce, "Mai shayi, haɗa mini kafe da madara, ka cika hannu." Mai shayi ya ɗebi garin da ƙaramin cokali, ya zuba sukari, ya tsiyaya ruwan zafi, ya ɗaga kofi sama ya sheƙa a wani, ya mayar, har kumfa ta taso. Kafin direba ya raba burodinsa biyu an ajiye masa.

A duk faɗin jihar Maraɗi babu bishiyar gahawa ko ɗaya da ake nomawa. Ruwan da take bukata a shekara ya ninka na damanar Agye sau biyu zuwa uku. Da wuya kuma ka ga wanda ke soya ƙwayarta a kasko ko yake daka ta a turmi. Abin da muke kira kafe a nan garin nan ne mai narkewa a ruwan zafi, kuma sunan Nescafé ya haɗiye sauran sunaye, har ya zama ko na wane kamfani ne da shi ake kiran sa.

A nan ne abin mamakin yake. Faransa ce ta mulki Nijar, kuma Faransawa mutane ne masu niƙa gahawa su tace ta. Ga al'ada, ɗabi'ar ubangida ita bara ke ɗauka. Amma a wannan fage mutumin Gazawa ya fi kama da Bature ɗan Ingila, wanda har yau yawancin kafen da yake sha a gidansa na gwangwani ne, maƙwabtansa na Italiya da Faransa suna yi masa dariya. Abin da ya haɗa Landan da Gazawa shi ne buta, da abin da aka riga aka saba dafawa a cikinta.

Kafin kafe akwai goro

A watan Janairu na 1851 Heinrich Barth, Bajamushen da gwamnatin Ingila ta aiko, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya baro Tasawa ya sauka a Gazawa. Ya tarar da gari mai shingen itace da rami kewaye, garin bakin iyaka na Katsinawan Maraɗi, tsakaninsa da Katsinar Fulani akwai daji mai hatsari. Daga nan ya wuce Katsina, ya isa Kano a watan Fabrairu. Da ya zo lissafa kayan kasuwar Kano sai ya tsaya a kan goro, ya ƙiyasta cewa abin da ke shiga birnin a shekara ya haura kayan jaki 500, ya kuma kwatanta matsayinsa a wurin mutanen ƙasa da matsayin gahawa ko shayi a wurin Turawa.

Kwatancin ya yi daidai fiye da yadda ake zato, domin sinadarin da ke kore barci a gahawa da shayi, wato kafin, shi ne dai ke cikin goro. Bahaushe ya riga ya sami abin wartsakewarsa tun ɗaruruwan shekaru, kuma fatake irin su Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sun gina dukiya a kan hanyar Gwanja saboda shi. Goro ba ya son wuta, ba ya son ruwa, ba ya son kwano. Aljihu ya ishe shi. Ya kuma riƙe kujerar girma: da shi ake neman aure, da shi ake raɗa suna, da shi ake gaida sarki da malami.

Gahawa kuwa an san ta, amma daga nesa. Sunan ma na Larabci ne. Asalin bishiyar daga tsaunukan Habasha take, Sufayen Yaman ne suka shahara da shan ta a ƙarni na 15 don su raya dare da zikiri, har aka yi ta jayayya a kanta a Makka a 1511. A ƙasar Hausa ta zauna a matsayin abin shan Larabawan Turabulus da Gadamas mazauna Kano, da alhazan da suka bi ta Sudan da ƙafa suka ɗanɗana ta a can. Ba ta zama abin talaka ba, domin ba ta zo ta tarar da gurbi ba.

Ingila ta fara da gahawa

Wanda ya san Ingila ta yau zai ɗauka da shayi aka haife ta. Gahawa ce ta riga bunƙasa. An buɗe gidan shan gahawa na farko a Landan a 1652, wani mai suna Pasqua Rosée ne ya kafa shi, kuma cikin shekaru hamsin irin waɗannan gidaje suka kai ɗaruruwa. Nan ake karanta jarida, nan ake ƙulla ciniki, nan ake zagin hukuma, har Sarki Charles na Biyu ya ba da umarnin rufe su a ƙarshen 1675, kafin ya janye cikin 'yan kwanaki. Babbar kasuwar inshora ta Lloyd's daga irin wannan majalisa ta tsiro.

Abin da ya juya akalar shi ne ciniki da haraji. Kamfanin Gabashin Indiya na Ingila shi ke riƙe da cinikin Sin shi kaɗai, kuma ganyen shayi ne ribarsa. Gahawa kuwa galibi daga gonakin abokan gaba take fitowa: Jawa ta mutanen Holan, da ƙasar da yau ake kira Haiti, wadda lokacin take hannun Faransa. A 1784 gwamnatin William Pitt ta zaftare harajin shayi daga kashi 119 cikin ɗari zuwa 12.5. Shayi ya yi arha, ya shiga ɗakin leburan masaƙa. Ga shi da sauƙin haɗi, ga ganyen ana iya maimaita shi. A 1839 aka yi gwanjon shayin Assam na Indiya karo na farko a Landan, daular ta fara noma abin shanta da kanta.

Duk da haka Ingila tana da babbar gonar gahawa a lokacin, tsibirin Silon, wato Siri Lanka ta yau. A 1869 wata cuta mai kama da tsatsa ta bayyana a ganyen bishiyoyin, kuma cikin shekaru ashirin ta gama da su. Masu gonaki suka tuge kututture suka dasa shayi. A 1890 wani ɗan kasuwa daga Gilasgo, Thomas Lipton, ya sayi gonaki a can da arha. Takardar nan rawaya da ke reto a bakin kofi a teburin Gazawa jikar waccan annoba ce.

Da ƙarni na 20 ya kama, gidan Bature ɗan Ingila yana da buta da tukunyar shayi, ba shi da abin niƙa gahawa, ba shi da mataci. Wanda yake son ɗanɗanonta sai ya sayi kwalbar wani baƙin ruwa mai kauri da ake kira Camp, haɗin gahawa da sukari da saiwar cikori, ya zuba cokali ɗaya a ruwan zafi. Wato tun kafin garin ya iso, hannu ya riga ya saba da cokali da buta.

Garin da aka ƙirƙiro don ceton Barazil

Mutane da dama sun gwada mayar da gahawa gari. David Strang na ƙasar New Zealand ya yi rajistar tasa dabarar a 1890. Satori Kato, Bajapane mazaunin Shikago, ya baje kolin tasa a 1901. Sojojin Amurka sun sha irin ta George Washington, wani ɗan asalin Beljiyam mai sunan shugaban ƙasa, a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Matsalarsu ɗaya ce: ƙamshi yana gudu, a bar mutum da ɗaci.

Sai kasuwar hannun jari ta Amurka ta karye a 1929, farashin gahawa ya faɗi warwas. Barazil, wadda ta fi kowa noma ta, ta wayi gari rumbuna cike babu mai saye. Daga 1931 zuwa 1944 ta ƙona ko ta zubar da buhu fiye da miliyan 70, har da hura jirgin ƙasa da ita, don dai farashi ya ɗaga. A cikin wannan hali ne waɗanda dukiyarsu ta maƙale a rumbunan suka tuntuɓi kamfanin Nestlé na Suwizalan, wanda ya riga ya ƙware wajen busar da madara, ko zai iya yi wa gahawa abin da ya yi wa nono. Wani masanin haɗa sinadarai, Max Morgenthaler, ya shafe shekaru yana gwaji, har ya gane cewa in aka haɗa ruwan gahawa da sinadari mai dangin sitaci kafin a busar, ƙamshin yana zama. Ranar 1 ga Afrilu, 1938, aka fitar da Nescafé kasuwa. A shekara mai zuwa aka fara yin sa a Hayes, yamma da Landan.

Yadda ake yin sa ba sihiri ba ne. Ana soya ƙwayar, a niƙa, a dafa a manyan tukwanen ƙarfe, a rage ruwan har ya yi kauri. Daga nan a fesa shi daga saman doguwar hasumiya mai iska mai zafi, kafin ɗigon ya iso ƙasa ya bushe ya zama gari. Akwai hanya ta biyu mai tsada, inda ake daskarar da ruwan da tsananin sanyi, a farfasa, a zuƙe ƙanƙarar a ɗakin da babu iska. Ita ta fi riƙe ƙamshi. Kilo ɗaya na gari yana cin kimanin kilo biyu da rabi na ɗanyar ƙwaya. Ashe abin da mai shayi ke yi shi ne mayar wa gahawa ruwan da aka ƙwace mata a masana'anta. An riga an dafa ta tun a can.

Yaƙi, buta da talabijin

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya yi wa garin talla kyauta. An sa shi a guzurin sojojin Amurka, su kuwa sun cika Ingila kafin su tsallaka zuwa Faransa a 1944. A daidai lokacin shayi ya yi wuya. Daga Yulin 1940 hukuma ta ƙayyade wa kowane mutum abin da bai kai giram 60 ba a mako, kuma ba a saki wannan takunkumi ba sai Oktoban 1952. Shekara goma sha biyu buta tana tafasa ana ƙirga ganye.

Shekarar 1955 ta zo da abu biyu. Kamfanin Russell Hobbs ya fito da butar lantarki mai kashe kanta in ruwa ya tafasa, aka kuma buɗe tashar talabijin ta ITV, ta farko a ƙasar da ke sa talla. Tsakanin shiri da shiri akwai 'yan mintuna kaɗan, waɗanda ba su isa a tace gahawa ba, amma sun isa a zuba cokali a motsa a dawo kujera. Kamfanoni suka gane haka suka zuba kuɗi. A 1965 Nestlé ya kawo Gold Blend, irin wanda ake daskararwa, kuma daga 1987 zuwa 1993 ya yi jerin tallan soyayyar wasu maƙwabta biyu da mutane suka riƙa bi kamar wasan kwaikwayo. Ga kuma ɗabi'ar da suka gada daga shayi ta zuba madara da sukari, waɗanda ke rufe duk wani aibin ɗanɗano.

Shagunan gahawar inji irin su Costa da Starbucks sun cika titunan Ingila tun ƙarshen shekarun 1990, matasa kuma sun koyi bambance ƙwaya da ƙwaya. Amma in an koma gida, ko an shiga ɗakin hutun ma'aikata, kwalbar garin tana nan kusa da buta. Haka abin yake a Rasha da Sin da sauran ƙasashen da shayi ya riga zama: kafen gwangwani kafen mashaya shayi ne.

Shayi ya share fage a Nijar

Yarjeniyoyin iyaka da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1904 da 1906 su suka bar Maraɗi da Gazawa da Tasawa a hannun Faransa, Katsina da Daura a hannun Ingila. Kumandan da manyan ma'aikatan kamfanonin CFAO da SCOA, waɗanda suka zo sayen gyaɗa, suna shan gahawarsu tatacciya a gidajensu. Kuku da boyi sun iya haɗa ta, tsofaffin sojan da suka yi wa Faransa yaƙi sun san ta a bariki. Iyakarta ke nan. Ba a gina mata kasuwa ba, don manomin gyaɗa ba shi da kuɗin ƙwayar da ake kawowa daga bakin teku a jirgin ƙasa zuwa Kano, sannan a mota.

Wanda ya shiga gidajen mutane shi ne shayi, kuma ta ƙofa biyu ya shigo. Ta arewa koren ganyen Sin ya ratso Sahara daga Maroko a ƙarni na 19, Buzaye masu ayarin gishirin Bilma suka sauko da shi tare da ƙaramar buta da ƙananan kofunan gilashi da murhun waya. Wannan shi ne shayin zama, mai zagaye uku, na farko da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi, wanda ba a yi masa gaggawa. Tun farkon shekarun 1990, da fadojin samari suka yawaita a garuruwan Nijar, shi ne ya zama igiyar da ke ɗaure hira. Ta kudu kuma baƙin shayi irin na Ingilishi ya hauro daga Nijeriya da madara da burodi, tare da sana'ar mai shayi da teburinsa.

Bayan samun 'yancin kai a 1960, gwamnatin Diori Hamani ta kafa SONARA don cinikin gyaɗa da Copro-Niger don shigo da kayan masarufi irin su sukari da shayi da gishiri, duka a 1962. Alhazan Maraɗi suka zama dillalai, kayan gwangwani suka bi motocin gyaɗa har kasuwannin ƙauye. Fatarar ruwa ta 1973 da 1974 ta karya gyaɗa, amma hanyoyin da ta buɗe ba su rufe ba. Sai ma fatarar ta ƙara tura samari ci-rani.

Hanyar Abijan

Ci-ranin nan yana da hannu dumu-dumu a labarin. Kodebuwa ƙasar gahawa ce. Shugabanta na farko, Félix Houphouët-Boigny, da ƙungiyar manoman koko da gahawa ya fara siyasa a 1944, kuma a shekarun 1970 ƙasar ce ta uku a duniya bayan Barazil da Kolombiya. Irin da take nomawa shi ne robusta, mai jure zafi, mai ɗaci, wanda kafin ɗinsa ya kusa ninka na irin da ake kira arabika, kuma shi masana'antun gari suka fi so saboda arha. A farkon shekarun 1960 Nestlé ya kafa masana'antar Nescafé a Abijan, kuma daga can ne yawancin gwangwanayen da ake gani a Afirka ta Yamma ke fitowa.

A titunan Abijan ɗin kuwa, su wa ke sayar da kafe da madara da burodi da safe? Da yawansu 'yan ci-rani ne masu jin Hausa, har mutanen gari suka laƙaba wa irin wannan tebur suna aboki, kamar yadda suka kira abincin rogo da kifi garba. Yaron da ya bar ƙauyen Gangara ko na Tsibiri bayan girbi, ya yi rani yana wanke kofuna a Abijan ko Ikko ko Kano, in ya dawo da ɗan jari sana'ar da ya iya ita zai kafa a bakin tasha. Ta haka gwangwanin ya iso, a jakar ɗan gida.

Ranar 12 ga Janairu, 1994, aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da ke sefa 50 ya koma 100. Duk abin da ke zuwa daga Turai ya yi tsalle. Kayan Abijan kuwa da sefa ake yin su, da sefa ake sayen su, don haka duka bai same su kamar na Turai ba. Aljihu ya ƙara ƙanƙancewa, ciniki ya koma na ƙulli-ƙulli. 'Yan tireda suka riƙa buɗe gwangwani suna ƙulla garin a 'yar leda, na dala biyar, na dala goma, daga baya kamfanoni suka bi sahu da 'yan fakiti masu isar kofi ɗaya. Dabarar da dunƙulen Maggi ya bi ya zauna kusa da daddawa a tukunyar miya ita ce dai wannan, kuma kamfanin ma ɗaya ne: a sayar wa mutum daidai abin da zai ci yau.

Lissafin mai shayi

In ka zauna ka lura da teburin, za ka ga dalilan a jere ba sai an faɗa maka ba. Ruwan zafi ɗaya ne ke haɗa Lipton da kafe da koko, don haka ƙara kafe a tebur bai ci mai shayi ko sisi na kayan aiki ba. Gahawar da za a tace tana son kasko da maniƙa da mataci da tukunyarta daban, kuma in an dafa ba a sayar ba cikin sa'a guda ta lalace. Niƙaƙƙiyar ƙwaya tana rasa ƙamshi cikin kwanaki, balle a zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40. Gwangwani kuwa yana wata da watanni. Abokin gabarsa ɗaya ne, laimar damina da ke sa garin ya dunƙule, kuma 'yar fakiti ta magance wannan.

Sai awo. Cokali ba ya ƙarya: mai shayi ya san kofi nawa ke cikin gwangwani, mai saye kuma yana iya cewa a rage ko a ƙara gwargwadon aljihunsa. Wani dattijo zai ce, "Yaro, ɗan ɗiga mini kaɗan a kan Lipton ɗin," a haɗa masa biyun a kofi ɗaya, abin da zai sa Bafaranshe ya riƙe baki. A gaskiya ma yawancin masu zama a bencin madara da sukari da burodi suka zo nema, abin da zai riƙe ciki har azahar. Kafen launi ne da ɗan kaifi.

Su wa ke neman kaifin kansa? Direban da zai kwana a hanya, mai gadi, ɗalibin da jarrabawar BEPC ta matso, ɗan dako ranar kasuwa, da manomin da zai yini a gonar aya ko gero. Masu yawo da fulas suna bin su da shi baƙi ƙirin a ƙananan kofuna. Nan ne kuma inda abin yake da duhu, domin wasu samari sun mayar da kofin mazubin ƙwayar tramol don su jure aikin da jiki ya ƙi. Wannan laifin ƙwaya ne da talauci, amma ya nuna gurbin da kafe ya samu a nan: abin aiki, kamar fartanya.

Inda aka bi wata hanya

Ba dole ba ne labarin ya ƙare haka. A Sanagal, Muridai suna danganta kafen Tuba da Shehu Ahmadu Bamba, wanda Faransa ta kora zuwa Gabon daga 1895 zuwa 1902. Ana soya ƙwayar tare da wani ɗan yaji, a niƙa, a tace da ƙyalle, kuma yau ana sayar da shi a kowane lungu na Dakar. Yajin nan ba wani abu ba ne illa kimba, wadda ke kan tabarmar kowace mai kayan yaji a kasuwar Agye. A Habasha uwargida tana soya ƙwayar a gaban baƙi, a sha zagaye uku ana hira. Can gahawa ta sami shehi, ko ta sami zaure, shi ya sa aka ba ta lokaci.

A ƙasar Hausa kuwa ta zo a makare. Kujerar girma tana hannun goro. Kujerar hira, da zagayenta uku da garwashinta, shayi ya riga ya hau. Abin da ya rage shi ne kujerar gaggawa, wadda gari mai narkewa ne kaɗai zai iya zama a kanta. Bature ɗan Ingila ma haka ya yi: ya ba shayi ladabi da lokaci, ya bar wa kafe minti biyu. Gahawar Larabawa mai ƙamshin kayan yaji, da alhazai ke dawowa da ita tare da dabino, tana samun masoya a Kano da Maraɗi, sai dai har yanzu ta zaure ce da ta azumi, ba ta sauko tasha ba.

Gazawa ce mahaɗar babban layin lantarkin da ke tasowa daga Katsina ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, Nijeriya ta yanke wutar, iyakoki suka rufe, kayan da suka saba biyowa ta Kwatano suka koma zagaye ta Lome da Burkina Faso. Kafin a farfaɗo, fari a Barazil da Biyetnam ya kai farashin gahawa a duniya inda bai taɓa kaiwa ba a farkon 2025. Da a Landan ne aka ɗauke wuta, da butar ta mutu. Ta mai shayin Gazawa ba ta taɓa dogara da waya ba; a kan itace ko gawayi ko gas take. Abin da ya canza shi ne cokalin: da yana zuwa da tozo, yanzu a shafe yake zuwa. Direba ya leƙa kofinsa ya ce, "Haba mai shayi, yau kuma rowa?" Shi kuwa ya ɗaga gwangwanin ya girgiza masa a kunne, ya ce, "Alhaji, ka tambayi Abijan."